Abin da Fergus Ya Rubuta a Kaina

Na ga saƙonninku, masu tambaya ko lafiya na yi shiru kwana goma. Ba lafiya ba. Sau huɗu ina zama in rubuta muku, sau huɗu ina gogewa, wai jimlar farko ba ta zauna daidai ba. Yau dai na yi wa kaina alkawari, duk yadda ta fito haka za ku karanta ta.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, sunana Loretta Zammit, shekarata talatin da ɗaya, ina karatun digirin dokta a fannin halayyar ɗan Adam a nan Melbourne. Fergus kuwa shi ne mai gyaran wutar lantarkin da muke tare shekara huɗu, wanda ya durƙusa a gabana a bakin teku wata goma sha huɗu da suka wuce ya miƙo min zobe. Ban ce a'a ba, ban kuma ce e ba. Cewa na yi ya bari in kammala bincikena hankalina ya dawo wuri ɗaya. Ya yi dariya ya ce zai jira, ya zura min akwatin zoben a aljihu. Tun ranar yana cikin durowar safata, gefen hagu.

Lahadin makon jiya muka je cin abincin rana gidan Mama a St Albans, kamar yadda muka saba. Zafin Fabrairu ya yi tsanani har kwalta tana danƙo. Na sa doguwar riga ruwan toka wadda na goge sau biyu, na ɗaure gashina tamau. Fergus ya zo da gajeren wando da silifas, da rigar nan tasa shuɗiya da maɓallinta ɗaya ya fita tun Kirsimeti. Mama ta dafa miyar zomo da taliya, ta gasa pastizzi, ƙananan gashin fulawa masu cuku a ciki, kamar za ta ciyar da 'yan coci gaba ɗaya. Kujerun falonta har yau suna cikin ledar da aka sayo su, kowa ya tashi sai an ji ƙarar ɓamɓarewar cinyarsa daga ledar.

"Fergus ɗana, ƙara nama," in ji Mama. "Wannan ba ta ba ka abinci ne? Dube ka kamar tsinke."

"Tana ba ni, Mama. Sai dai sai ta auna."

Suka kwashe da dariya su biyun. Ni ban ga abin dariya ba.

"Na tsare Fada bayan an tashi daga coci," ta ce tana goge hannu a jikin zanen girkinta. "Asabar ta biyu a Nuwamba babu wanda ya kama ranar ɗaurin aure. Na ce ya rubuta ku da fensir."

"Haba Mama!"

"Haba me? Fensir na ce, ba biro ba. Kakarki shekararta tamanin da tara. So kike ta halarci bikinki a cikin hoto?"

"Na gaya miki sai na gama..."

"Sai kin gama, sai kin gama! Ni da na auri babanki me na gama? Ko rigar auren ba a gama ɗinkawa ba, da allurai aka kama ta ta baya. Shekara talatin da takwas muka yi, Allah ya ji ƙansa, rigar ba ta taɓa zama matsala ba."

"Ki ƙyale ta, Mama," in ji Fergus yana tattara farantai. "Tana kan tunani."

Na bi shi kicin na tsaya a bayansa. Duk farantin da ya wanke ya ajiye, sai in ɗauka in sake ɗaurayewa. Wallahi ban ga komai a cikin hakan ba, haka muke yi tun farko.

Yanzu bari in gaya muku aikina, don daga can wutar ta taso. Akwai wani hali da muke bincike a kai: mutum mai tsananin ƙa'ida da son komai ya fito babu aibu, wanda ba ya iya bar wa kowa aiki, ba ya iya yanke shawara don tsoron kuskure, har abin ya zame masa azaba shi da na kusa da shi. Ba masu wanke hannu sau ɗari nake nufi ba. Waɗancan sun san suna shan wahala, da ƙafarsu suke zuwa asibiti. Namu su ne masu ganin su ke kan daidai, sauran duniya ce malalaciya.

Shugabata, Farfesa Tully, ta tsara takarda mai tambayoyi talatin don gano masu wannan hali. Kowace tambaya ana ba da maki daga sifili zuwa huɗu. Aikina shi ne in tabbatar ko takardar tana auna abin da aka ce tana aunawa, ko kuwa ƙwazo kawai take kamawa ta ba shi sunan ciwo. Hanyarmu ita ce mutum ya cika takardar a kan kansa, wani nasa ya cika irinta a kansa, sannan likita ya yi hira da wasu daga cikinsu, mu kwatanta ukun. Babu suna a jiki, sai lamba. Farfesa kaɗai ke da littafin da ya nuna wa ke da wace lamba.

Shekara biyu da suka wuce, lokacin gwajin farko, mutane suka yi mana ƙaranci, Farfesa ta yarda 'yan sashenmu su cika. Na cika tawa cikin minti goma. Fergus ya cika tasa a cikin a-kori-kurarsa, takardar a kan sitiyari, ya liƙe ambulan ya kai ofis da hannunsa.

"Kin tabbata ba za ki gani ba?" ya tambaye ni ranar.

"Doka ce. Ko na gani ma lamba ce kawai."

Saboda haka na san muna cikin mutum ɗari uku da ɗoriya da suka cika takardar. Ban taɓa damuwa in nemo mu ba. Na ɗauka muna can ƙasa cikin tarin lafiyayyu, waɗanda makinsu da na masoyansu suka zo ɗaya.

Ranar Talata na gabatar da sakamakona a gaban sashe. Na sa kwat ɗina baƙi duk da zafin, na iso minti arba'in kafin lokaci na jera kujeru. A kan allo kowane mutum ɗigo ne, yawancinsu sun taru a layi ɗaya. Amma akwai wani ɗigo can gefe shi kaɗai, lamba arba'in da bakwai, mace. Ina alfahari da ɗigon nan kamar ni na haife shi.

"Ku dubi wannan baiwar Allah," na ce ina nuna shi da sanda. "Ta ba kanta maki sha tara. Wanda ya cika mata ya ba ta ɗari da ɗaya. Ga hujjarmu cewa amsar mutum a kan kansa ba ta isa ba, domin mai wannan hali shi ne na ƙarshen gani." Har da ƙarin gishiri na yi. "Ni dai mijinta nake tausaya wa."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Farfesa Tully ba ta yi ba, tabaraunta ta cire tana ta gogewa.

Da aka watse, Linh, abokiyar aikina da muke ofis ɗaya, ta turo kujerarta kusa da tawa tana cin tuffa.

"Ke, matar nan taki ta arba'in da bakwai tauraruwa ce. Kin karanta abin da mutumin ya rubuta a akwatin ƙarshe?"

A ƙarshen takardar akwai fili inda mutum zai ƙara duk abin da yake so da kalmominsa. Linh ce ta kwafe su cikin kwamfuta. Ni ban taɓa buɗe su ba, ba na son abin da ba a iya ƙidayawa.

"Ban karanta ba."

"Buɗe mana, malama. Ƙila mu samu jimlar da za mu ƙawata rahoto da ita. Na tuna akwai wani da ya kusa sa ni kuka ina bugawa."

Ta fita ɗebo ruwa. Na buɗe. Ga abin da na gani, na haddace shi ba da sona ba:

"Ba muguwa ba ce, a fara rubuta wannan. Idan na shanya kaya a gidanta, takan jira in shiga wanka ta fita ta sake shanyawa, tana tsammanin ban sani ba. Na kafa mata katakon littattafai a falo, ta yi godiya, bayan kwana biyu na ga ta kira wani kafinta ya duba ko ya miƙe. Na daina dafa mata abinci, ban faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ina sonta. Amma kullum ji nake kamar wanda ake gwadawa, ba a riga an ɗauke shi aikin ba."

Jama'a, katakon yana falona. Sunan kafintan ma yana wayata.

Na tuna dariyar ɗakin, na tuna bakina yana cewa mijinta nake tausaya wa. Na shiga bayi na kulle, na yi kuka ina toshe baki da hannun kwat, don kada 'yan digirin farko su ji.

Da a nan na tsaya, da na kira shi a lokacin na ce Fergus ka yafe min, da yau wani labarin nake ba ku. Amma da hawayen suka bushe sai wani abu ya taso min, abin da ya saba taso min tun ina 'yar firamare idan malama ta rage min maki. Na ce a raina, ɗari da ɗaya? Ai wannan ba adalci ba ne. Na buga amsoshinsa talatin a takarda na tafi da su gida.

Kwana uku na yi a kansu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace na kawo hujja da rana da wata. Na rubuta cewa ya cika takardar ne a makon da muka yi faɗa, kuma sananne ne a fanninmu cewa fushi yana karkatar da amsa. Na zana jadawali mai gida uku: makin da ya ba ni, makin da ya dace, da dalili. Bisa lissafina bai kamata ya wuce arba'in da biyu ba. Shafi tara suka fito, na sa su a jakar roba mai haske. Ku yi dariya idan kuna so. Ni a lokacin gani nake gyara nake yi, gani nake idan ya karanta zai fahimce ni mu zauna lafiya.

Ranar Juma'a da rana na tura masa saƙo.

"Kana gida gobe da safe? Akwai maganar da za mu yi."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa. "Maganar da nake jira ce?"

"Ƙarfe goma."

"Ashe yau zan ɗinke maɓallin rigar nan."

Na ga saƙon, na gane sarai abin da ya ɗauka. Ban gyara masa ba, na ce a raina gobe komai zai bayyana.

Gidansa yana unguwar Sunshine, ƙaramin gidan katako mai bishiyar lemun tsami a baya. Da na iso goma daidai, na tarar ya yanke ciyawa, ya kwashe wayoyin lantarkin da ke zube a baranda. Ya yi aski. Ya sa shuɗiyar rigar, ya ɗinke maɓallin da baƙin zare. A kan teburin kicin akwai furanni cikin kwalbar zuma, ga ƙwai soyayye da tumatir da burodi gasasshe. Rabon da ya dafa min wani abu shekara biyu ke nan.

"Zauna, ranki ya daɗe," ya ce yana ja min kujera. "Na san ƙwan ya ɗan ƙone ta gefe, a yi min afuwa yau kaɗai."

Ban zauna ba. Na ciro jakar robar na miƙa masa.

"Mene ne wannan kuma? Sharuɗɗan aure?" Yana dariya ya buɗe.

Ina kallon fuskarsa lokacin da dariyar ta bar ta. Ya karanta shafin farko a tsaye, ya juya na biyu, sannan ya zauna a kujerar da ya ja min.

"Kin ce ba za ki gani ba."

"Ba nema na yi ba, Linh ce ta..."

"Kin ce doka ce, Lori."

"Na sani, kuma zan gaya wa Farfesa. Amma duba shafi na uku. Tambaya ta sha ɗaya ka ba ni huɗu, wai ba na iya bar wa kowa aiki. Ai kai na bar wa shirya tafiyarmu ta Tasmaniya."

"Kin bar min. Sannan kika kira otal ɗin ta bayan idona kika canja ɗaki."

"Tagar ɗakin wurin ajiye motoci take kallo!"

Ya ci gaba da juya shafukan, ba karantawa yake ba, ƙidayawa yake. "Tara," ya ce a hankali. "Har da lambar shafi."

"Don ka samu sauƙin bi ne."

"Na gode." Ya ajiye su kusa da farantin ƙwan. "Ke da kike lura da komai, kin duba ranar da na rubuta wannan?"

"Na duba mana, shi ya sa na ce makon da muka yi faɗa ne."

"Shekara biyu ke nan. Bayan wata goma na durƙusa a gabanki cikin yashi. Na rubuta duk wannan da hannuna, na san shi, sannan na je na sayi zobe. Wannan bai shiga jadawalin ba?"

Wallahi ban lura ba. Kwana uku ina kan takardar nan, ban lura ba.

"Ban taɓa cewa ki canja ba," ya ce. "Ki sake shanya kayan, ki sake wanke farantan, na iya zama da wannan har in tsufa. Abu ɗaya nake jira. Kalma ɗaya ta gagare ki wata goma sha huɗu, amma shafi tara kwana uku suka ɗauke ki."

Idanunsa sun yi ja. Ban taɓa ganin Fergus haka ba, ko ranar jana'izar babansa.

"Bari ni ma in yi miki tawa tambayar. Guda ɗaya ce, babu sifili zuwa huɗu. Za ki aure ni?"

Masu karatu, Allah shi ne shaidata, e ɗin tana kan harshena. Ina jin nauyinta. Ina son mutumin nan fiye da duk abin da na taɓa so. Na buɗe baki, sai na ji muryata tana cewa:

"Ka fara yarda dai cewa ɗari da ɗaya ya yi yawa."

Ya kalle ni. Sannan ya gyaɗa kai, ya tashi ya ɗauki farantan biyu ya juye ƙwan a kwandon shara.

"Ki gaida Mama," ya ce, bai juyo ba.

Na tura masa saƙo bakwai ranar. Ya buɗe duka, bai amsa ko ɗaya ba. Lahadi na je St Albans ni kaɗai.

"Ina ɗana?" in ji Mama tun daga bakin ƙofa.

"Yana aiki."

"Ranar Lahadi?" Ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa. "Loretta, me kika yi?"

Ba ta ce me ya yi ba. Uwata da ta haife ni, ko tambayar ba ta ga buƙatar yi ba. Ta zuba nasa abincin a kwano ta rufe, ta ce in kai masa. Yana cikin firijina har yanzu.

Jiya Litinin da safe Farfesa Tully ta kira ni ofishinta. Kafin in buɗe baki ta ɗaga hannu.

"Na san kin karanta. Rabin laifin nawa ne, tun farko bai kamata in bar ku ku shiga ba. Za mu sanar da kwamitin da ke sa ido kan bincike, wannan maganar wata rana ce. Zauna."

Ta turo min takarda ɗaya. Na san ta, ni na tsara ta. Duk wanda ya shiga bincike yana da 'yancin janye amsoshinsa duk ranar da ya ga dama, ba tare da ya faɗi dalili ba.

"Fergus ya zo nan ƙarfe takwas, cikin kayan aiki," ta ce. "Na gaya masa ba dole ba ne ya rubuta dalili. Ya ce zai rubuta, kuma a nuna miki, wannan karon da izininsa."

Rubutunsa ne, manyan haruffa masu karkata, irin wanda yake yi a jikin akwatin mita.

"Takardarku ta ce wanda zai cika sai wanda yake kusa da ita. Na yi kuskure. Na daɗe ina tsammanin ina kusa."

Farfesa ta miƙo min kwalin tishu, ta juya tana kallon taga har na gama. Sannan ta ce, tunda ya janye, dole a cire amsoshinsa a ranar, kuma idan ba zan iya ba Linh za ta yi. Na ce zan iya.

Na koma ofis na buɗe layi na arba'in da bakwai. Na goge amsoshinsa talatin, na goge maganar shanya da katako, na goge inda ya ce yana sona. Maki sha tara ɗina ya rage shi kaɗai a layin, babu mai musa masa. Na samu abin da na je nema ranar Asabar, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba.

Ina zaune a wurin wayata ta yi ƙara. Fergus ne, karon farko cikin kwana biyu.

"Laraba ƙarfe biyar zan kawo miki mukullin gidanki. Don Allah kada ki shirya komai."

Yau Talata. A rayuwata ban taɓa tsayawa gaban kowa ban shirya ba, kuma tsoro nake ji. Ina sonsa, jama'a. Ban dai sani ba ko bakina zai iya faɗa kafin ya ajiye mukullin.